Tambayoyi da Amsoshi: Zaman Gida da Karatun Lauya na George Templeton Strong a New York ta Ƙarni na 19

Ɗaliban lauya da masu sha'awar tarihi sukan tambayi yadda ɗan babban gida yake zama lauya a Amurka kafin makarantun lauya su yawaita. Amsar ta fi fitowa fili idan aka bi sawun mutum ɗaya, kuma da wuya a sami wanda ya bar sawu ƙarara kamar George Templeton Strong, saboda ya shafe kusan shekara arba'in yana rubuta abin da ya wakana a gidansu da ofishinsu da garinsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne shi, kuma me ya sa ake maganarsa har yau?

An haife shi a birnin New York ranar 26 ga Janairu, 1820, ya rasu ranar 21 ga Yuli, 1875. Mahaifinsa, George Washington Strong, babban lauya ne da ya yi karatu a Yale, kuma asalin danginsu mutanen Long Island ne. Mahaifiyarsa ita ce Eliza Catherine Templeton, daga wajenta ya samo sunansa na tsakiya.

Bai taɓa zama gwamna ko alƙalin alƙalai ba, kuma ba a tuna shi da wata gagarumar shari'a da ya ci. Abin da ya raya sunansa shi ne kundin da ya fara rubutawa a watan Oktoba na 1835, yana ɗan shekara 15, bai ajiye alƙalami ba sai gab da rasuwarsa. Kundin ya haura shafi 2,000 da ƙananan rubutu a cunkushe. A ciki akwai karatu da cin abinci da rashin lafiya da gobara da siyasa da kiɗa da fushi da gulma, duk a haɗe kamar yadda rayuwa take haɗa su.

Yaya gidan da ya tashi a ciki yake?

Gidansu yana kan titin Greenwich, can ƙasan tsibirin Manhattan, kusa da bakin ruwa. A wancan lokaci nan ne unguwar masu hali, kafin kasuwanci da gidajen haya su mamaye ta, manya su yi ta ƙaura zuwa arewacin gari. Daga gidan, mutum yana iya takawa da ƙafa zuwa ofishin mahaifinsa a titin Wall, zuwa kwalejin Columbia da ke kusa da zauren majalisar birni a lokacin, zuwa cocin Trinity. Duniyar yaron gaba ɗaya ba ta wuce tafiyar 'yan mintuna ba, kuma wannan ya yi tasiri a kansa fiye da yadda ake zato. Bai taɓa barin gida don karatu ba. Ya gama kwaleji yana kwana ƙarƙashin rufin mahaifinsa, ya koyi lauya a ofishin mahaifinsa, ya ci gaba da zama tare da iyayensa har sai da ya yi aure yana da shekara 28.

Irin waɗannan gidaje dogaye ne, tsukakku, an jera su bango da bango. Kicin yana ƙasa, falon baƙi a sama da shi, ɗakunan kwana a can sama, 'yan aiki kuma a ɗakunan da ke dab da rufi, inda zafi ya fi tsanani da rani, sanyi ya fi tsanani da hunturu. Dumama ɗaki sai da itace ko kwal, karatun dare sai da kyandir ko fitilar mai, ko da yake fitilar gas ta fara shiga garin tun shekarun 1820. Duk wannan jin daɗi a kan wuyan 'yan aiki yake, waɗanda da yawansu 'yan mata ne da suka yi hijira daga Ailan: su ne masu hura wuta da asuba, masu kwashe toka, masu hawa bene da bokitin ruwa.

Shin akwai ruwan famfo a gidan?

Babu, sai daga baya. Har zuwa farkon shekarun 1840 mutanen New York da rijiya da ruwan sama da ruwan sayarwa suke rayuwa, kuma rijiyoyin ƙasan gari sun gurɓace matuƙa. Annobar kwalara ta 1832 ta kashe mutum sama da 3,000 a birnin. Sai a 1842 aka kammala janyo ruwa daga kogin Croton, aka yi gagarumin biki a watan Oktoba. Da aka saka bahon wanka a gidan su Strong a shekarar da ta biyo baya, matashin lauyan ya rubuta yadda ya koma yana faca-faca cikin ruwa kowane dare. Wannan yana daga cikin wuraren da kundin ya fi burge ni: mutum mai Latin da Girkanci a ka, mai aiki a titin Wall, ga shi yana murna da ruwan baho ba tare da ɓoye murnar ba.

Yaya yininsa yake tafiya?

Da safe iyali su karya kumallo tare, sannan maza su fita. Lokacin da yake kwaleji, sai ya tafi aji. Bayan ya gama, sai ya bi mahaifinsa ofis. Babban abincin yini a gida ake ci, domin ofis ba shi da nisa. Da yamma akwai shayi, sai karatu, ko ziyara, ko zuwa sauraron kiɗa. Lahadi ta coci ce. Ranar sabuwar shekara kuwa akwai al'adar da New York ta shahara da ita: mata su zauna a gida su shirya abin taɓawa, maza su yi ta zagaya gidajen dangi da abokan arziki suna gaisuwa, wani ya shiga gidaje da dama kafin dare. Ga matashin da ke neman suna a sana'a, ko yake neman mata, wannan zagaye ba wasa ba ne.

Abu biyu ne suka fi cin ransa bayan aiki. Na farko littattafai, yana saye yana tarawa tun yana yaro. Na biyu kiɗa. Yana kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan nan na coci mai bututu, har ya sa aka ƙera masa nasa a gida. Da aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Philharmonic a New York a 1842, ya zama cikin masu zuwa sauraro a kai a kai, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya shugabance ta.

Akwai kuma gobara. In aka buga ƙararrawa da dare, Strong yakan fita ya je ya gani, ya dawo ya rubuta. Wata biyu kacal da fara kundinsa aka yi babbar gobarar 16 ga Disamba, 1835, wadda ta cinye ɗaruruwan gine-gine a unguwar kasuwanci. Sanyin daren ya kai ruwa yana daskarewa a cikin mesar 'yan kwana-kwana. Yawancin kamfanonin inshora na garin sun karye a dalilinta.

Wane karatu ya yi kafin lauya?

Ya shiga kwalejin Columbia a 1834, ya gama a 1838 yana da shekara 18. Kwalejin ƙarama ce a lokacin, kuma ba a zaɓen darasi: Latin, Girkanci, lissafi, falsafa, ɗan kimiyya, da koyon magana gaban jama'a. Babu darasin lauya a cikin abin da ya karanta. Amfanin digirin ta fuskar sana'a shi ne ya rage masa shekarun zaman ofis, kamar yadda za a gani a ƙasa.

To ta yaya ake zama lauya ba tare da makarantar lauya ba?

Nan ne zuciyar maganar. A jihar New York, ƙa'idar kotu ta ce wanda ke son zama lauya sai ya yi shekara bakwai yana aiki a ofishin wani lauya. Amma ana rage masa har shekara huɗu idan ya yi karatun Latin da Girkanci da makamantansu. Ke nan wanda ya fito kwaleji shekara uku kawai zai yi. Strong ya shiga ofishin mahaifinsa a 1838, aka ba shi izinin aiki a 1841. Kuma ko bayan nan akwai mataki na biyu: ana fara zama lauya mai shirya takardu da shigar da ƙara, sai bayan ƙarin shekaru na aiki a kai matsayin mai tsayawa ya yi jayayya gaban manyan alƙalai.

Hausawa za su iya kwatanta wannan da karatun zaure, inda almajiri yake zama gaban malami ya ɗauki littafi ɗaya ya sauke kafin ya ɗauki wani. Sai dai akwai babban bambanci, kuma ba ta wajen da ya yi wa Amurkawa kyau ba. A zaure malami yana zaune, yana biya wa ɗalibi, yana fassara masa, yana gyara masa. A ofishin lauya na wancan zamani, maigidan yana kotu ko yana tare da masu ƙara. Sau da yawa sai a miƙa wa yaro littafi a ce ya karanta, a tara masa takardu a ce ya kwafa, babu mai tambayarsa ko ya gane. Lauyoyi da dama na wancan ƙarni sun koka da haka bayan sun girma. Sa'ar Strong ita ce maigidan ofishin mahaifinsa ne, mai ganinsa safe da yamma, kuma akwai abokin aikin mahaifin, Marshall Bidwell, gogaggen lauya da ya baro Kanada bayan rikicin siyasar 1837.

Kwafar takardu ita ce ainihin makarantar. Babu keken rubutu, domin sai a shekarun 1870 ya shigo kasuwa. Duk takardar sayen fili, duk wasiyya, duk yarjejeniyar jingina, duk takardar ƙara, da hannu ake rubuta ta, wani lokaci kwafi uku ko huɗu. Ka ɗauki ɗalibi zaune a dogon tebur, ga kwalbar tawada, ga tarin takardu an ɗaure da zare, yana rubuta iyakokin wani fili daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ya gama, ɗaya akawun ya riƙe asali, shi ya karanta kwafin da ƙarfi, kalma bayan kalma, don a tabbatar ba a tsallake layi ba. Kuskuren kalma ɗaya yana iya jawo shari'ar shekaru. Aiki ne mai gundura, amma wanda ya kwafi wasiyya hamsin ya san yadda ake gina wasiyya ko da ba a taɓa yi masa bayani ba. Abin da ba ya samu shi ne dalilin da ya sa aka gina ta haka, kuma wannan giɓi ne babba.

Waɗanne littattafai ake karantawa?

Kusan kowa da sharhin William Blackstone kan dokokin Ingila yake farawa, mujalladi huɗu da aka buga tsakanin 1765 da 1769. Abin mamaki ne a ce ƙasar da ta yaƙi Ingila ta karɓi 'yanci tana koyar da 'ya'yanta doka da littafin Bature ɗan Ingila, amma tushen dokar ɗaya ne, kuma Blackstone ya iya tsara magana. Bayansa sai sharhin James Kent kan dokokin Amurka, shi ma mujalladi huɗu, 1826 zuwa 1830. Kent mutumin New York ne, ya shugabanci kotun adalci ta jihar, wato kotun Chancery, ya kuma koyar a Columbia, don haka ga ɗalibi irin Strong littafin na gida ne. Masu ƙarfin hali su ƙara da tsohon sharhin Edward Coke kan dokar filaye, na ƙarni na 17, wanda ya yi ƙaurin suna wajen wahalar da ɗalibai. Sai littattafan tsarin shigar da ƙara da hukunce-hukuncen kotunan jihar.

Babu makarantun lauya ne sam a lokacin?

Akwai, amma kaɗan. Ta Litchfield a jihar Connecticut, wadda Tapping Reeve ya kafa, ta yi aiki daga 1784 zuwa 1833. Harvard ta buɗe tata a 1817, ta kuma yi ƙarfi bayan alƙali Joseph Story ya fara koyarwa a 1829. Amma yawancin lauyoyi ta ofis suka bi. Abin lura shi ne Strong, wanda ya sha zaman ofis, yana cikin 'yan majalisar amintattu masu kula da Columbia da suka tsaya aka kafa makarantar lauya ta kwalejin a 1858, ƙarƙashin Theodore Dwight. Ina ganin wannan a matsayin hukuncin da ya yanke wa hanyar da shi kansa ya bi: ya san ta fitar da shi, ya kuma san ba ta isa ba.

Jarrabawar fa, tana da tsauri?

Ta baka ce, gaban lauyoyin da kotu ta naɗa, kuma tsaurinta ya danganta da waɗanda mutum ya tarar. Ainihin shingen shi ne shekarun zaman ofis, domin ba kowane gida ne zai iya ciyar da saurayi shekara uku ko bakwai yana aikin da kusan babu albashi ba. Kundin tsarin mulkin jihar na 1846 ya rushe wannan shinge: ya ce duk namiji ɗan ƙasa mai shekara 21, mai kyawun hali da isasshen ilimi, yana da haƙƙin a karɓe shi. Shi ne kuma ya soke tsohuwar kotun adalci, sannan a 1848 aka kawo sabon tsarin shigar da ƙara da ake dangantawa da David Dudley Field. Wato cikin shekara bakwai da fara aikin Strong, an sauya yawancin ƙa'idojin da ya sha wahalar haddacewa.

A Ingila a wannan zamani, mai son zama barista sai ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin lauyoyi huɗu na Landan, ya halarci adadin liyafar cin abincin dare da aka ƙayyade. Sai a 1872 jarrabawa ta zama tilas. Ta wannan ƙofa ce Christopher Sapara Williams ya bi ya zama ɗan Nijeriya na farko da aka kira barista a Ingila, a 1879, kuma haka 'yan Nijeriya suka ci gaba da zuwa Landan har aka buɗe Makarantar Horon Lauyoyi a Legas a farkon shekarun 1960.

Shin wanda ba ɗan babban gida ba yana iya zama lauya?

Yana iya, musamman a jihohin yamma inda ƙa'ida ba ta da tsauri. Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, bai yi kwaleji ba, da littattafan aro ya koyar da kansa, ya sami izinin aiki a Illinois a 1836, lokacin Strong yana aji a Columbia. Amma ga wasu ƙofar a rufe take ruf. Macon Bolling Allen, baƙar fata na farko da aka ba izinin aikin lauya a Amurka, sai a 1844 ya samu a jihar Maine. A New York sai 1848 aka karɓi George Vashon. Mace ta farko, Arabella Mansfield, sai 1869 a Iowa, kuma New York ba ta karɓi mace ba sai 1886, shekara 11 bayan rasuwar Strong.

Yana son aikin lauya kuwa?

Ya riƙe shi da gaskiya, amma ba nan zuciyarsa take ba. Aikinsa ya fi karkata ga filaye da gado da wasiyya da kula da dukiyar iyalai, aikin tebur mai bukatar haƙuri da amana, ba na tsayawa gaban kotu ana tafka muhawara ba. Garin kuwa yana bunƙasa ba ji ba gani: mutum dubu 300 da 'yan kai a 1840, sama da dubu 800 a 1860. Duk gonar da aka yanka ta zama filoti tana bukatar lauya. Wannan ne ya ciyar da gidansa, ya saya masa littattafai, ya ba shi sukunin hidimar jama'a. A 1872 ya bar aikin ya koma kula da kuɗin cocin Trinity.

Yaya batun aurensa?

A 1848 ya auri Ellen Ruggles, 'yar Samuel B. Ruggles, lauya kuma mai harkar filaye wanda ya tsara unguwar Gramercy Park a 1831, mai lambun da har yau sai mazauna kewayensa ke da makullinsa. Can ma'auratan suka tare, kusa da surukai. Shekarar aurensu ce jihar New York ta zartar da dokar da ta bai wa matar aure damar riƙe dukiyarta da sunanta, maimakon ta koma hannun miji. Sun haifi 'ya'ya maza uku da suka rayu. Ɗaya daga cikinsu, mai sunan uban, wanda aka haifa a 1856, bai bi lauya ba, ya zama mai tsara kiɗa, ya yi yawancin rayuwarsa a Turai, ya rasu a Geneva a 1948.

Ana yabonsa da yawa. Ba shi da aibi ne?

Yana da shi, kuma ba ƙarami ba. Kundin cike yake da raini ga talakawan da suka yi hijira daga Ailan, irin mutanen da ke hura wuta a gidaje irin nasu, kuma kalamansa a kansu sun fi muni lokacin tarzomar ƙin shiga soja ta Yuli 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Kalmomin da yake kiran baƙar fata da su na ƙasƙanci ne, kuma ya daɗe yana kallon masu fafutukar hana bauta a matsayin masu tada zaune tsaye, kafin yaƙi ya sauya masa ra'ayi ya goyi bayan 'yanta bayi. A 1864 ya biya wani saurayi kuɗi ya shiga soja a madadinsa, abin da doka ta yarda da shi amma talaka ba ya iyawa.

A ɗaya ɓangaren, shi ne ma'ajin Hukumar Kula da Lafiyar Sojoji da aka kafa a 1861, wadda ta tara kuɗi da magunguna da kayan jinya ga mayaƙan jihohin arewacin Amurka, kuma ya yi aikin tsawon yaƙin da amana, har ya gana da Lincoln a dalilinsa. Bai kamata a ɓoye ɗayan don a haskaka ɗayan ba. Tarbiyyar da ta koya masa tsare amanar dukiyar marayu ita ce ta bar shi bai taɓa zama ya ji ta bakin 'yar aikin da ke ƙasan benensu ba. Yaron da duniyarsa ta tsaya tsakanin titin Greenwich da titin Wall ya girma da kaifin ido ga abin da ke cikin da'irarsa, da taurin zuciya ga na wajenta.

Ina kundin yake yanzu, kuma me ya faru da ofishin?

Kundin ya zauna a hannun dangi shekaru da dama ba a san da shi sosai ba, sai a shekarun 1930 masana suka farga da darajarsa. A 1952 Allan Nevins da Milton Halsey Thomas suka fitar da zaɓaɓɓun sassansa cikin mujalladi huɗu, kuma abin da suka buga bai kai duka ba. Asalin rubutun yana ajiye a Ƙungiyar Tarihi ta New York. Masu binciken yaƙin basasa da masu binciken tarihin kiɗa a Amurka duk suna komawa gare shi. Ofishin mahaifin kuwa ya ci gaba da sauya suna yayin da abokan aiki ke shigowa suna fita, har daga baya ya zama kamfanin lauyoyi da aka sani da Cadwalader, Wickersham & Taft, wanda ake danganta asalinsa da shekarar 1792.